Tsarabar Makka Ta Rasa Mazauni

Agege, Legas
17 ga Maris, 2002

Zuwa ga Kawu Mahbub,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga gare ni da duk mutanen gida. Ina fata kana lafiya, da Anti Najiba da yara, da ɗalibanka masu sa ka furfura. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Umma da kan motsa lokaci-lokaci, ita ma da sauƙi.

Baba ya sauko daga aikin Hajji. Ya rame, tari ya dusar masa da murya, amma fuskarsa sai haske. Har yanzu 'yan barka da sauka ba su yanke ba.

Kowa ya sami tsarabarsa. Umma abaya da zobe, Yaya Abdulrauf agogo. Ni kuwa sai da ya bari abokansa 'yan goro suka cika gida, sannan ya kira ni, ya zura hannu a aljihun ƙirji, ya fito da wata 'yar roba, ya ce ga kwamfutar da na daɗe ina yi masa nacinta. Na buɗe, sai na ga firosesa ce ita kaɗai, an rubuta Pentium 4 a kanta. Mai shagon a Makka ya gaya masa wannan ce ƙwaƙwalwar, sauran duk gwangwani ne da ake samu ko'ina, kuma ga dokar nauyin kaya a jirgi. Baba ya saya, ya jefar da kwalin, ya sa ta a aljihu. Da ita a jikinsa ya yi ziyarar Madina. Wannan zancen ya faɗe shi ga duk wanda ya shigo gidan nan.

'Yar ƙarama ce, ko tafin hannuna ba ta cika ba, ƙasanta duk 'yan allurai masu ruwan zinariya.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Baba ya sa an kwashe huhunan goro daga shagon gaban gida, ya ce in zauna a ciki ina buga wa mutane takardu. Yaya Abdulrauf kuma tun shigowar salula yake neman shagon nan don ya yi sana'ar buga waya. Da ya matsa, Baba ya yanke hukunci a gabanmu: in Maulidi ya zo kwamfuta tana aiki, shago nawa ne, in ba ta tashi ba, na Yaya ne. Ka san Baba, in ya yi magana ya gama.

A makarantarmu ta Ikeja bugawa aka koya mana, ba a taɓa buɗe mana cikin kwamfuta ba. Na dai san modabod ake fara nema. Wane iri zan saya? Ina da ɗan abin da na tara, ba na so in zubar da shi a rariya. Ka ba Almu direba amsa in ya ɗauko shanu daga Wudil, motarsa ta fi gidan waya sauri.

'Yarka,
Ummu Salma


Wudil
29 ga Maris, 2002

Zuwa ga Ummu Salma,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same mu lafiya. Najiba tana gaishe ki, yara suna tambayar yaushe za a kawo musu burodin Agege. Ki gai da Yaya Furera, ki ce ta daina tsayuwar nan mai tsawo a bakin murhu. Alhaji kuma Allah ya karɓi ibada. Ki ce masa ƙanin matarsa yana nan yana jiran nasa dabinon, in ba a cinye ba.

Na karanta wasiƙarki a ɗakin malamai, na yi dariya har aka juyo ana kallona, daga baya kuma na ji idona ya kawo ruwa. Mutumin da bai taɓa danna kwamfuta ba ya je ya zaɓo miki abin da ya fi kome tsada a cikinta. Duk makarantarmu babu Pentium 4 ko ɗaya. Ki riƙe ta da kyau. Ki kama ta ta gefe, kada yatsa ya taɓa alluran, kuma kada ki bari yara su gani.

Yanzu ki natsu ki ji. Modabod shi ne farantin da kome yake hawa kansa: firosesa, ram, wayoyi, duk a nan suke haɗuwa. A jikinsa akwai wani gurbi mai ramuka, shi ake kira soket. Alluran firosesa a ramukan nan suke shiga, kuma kowace firosesa da irin gurbinta. Pentium 4 iri biyu ce. Akwai ta farko, babba, mai soket 423. Akwai sabuwa da ta fito bara, ƙarama, mai soket 478. Tunda kin ce taki 'yar ƙarama ce, to sabuwar Alhaji ya samo, Allah ya yi miki gyaɗar dogo.

Ki je kasuwar kwamfuta ta Otigba ki ce modabod mai soket 478 kike so, kuma wanda yake cin ram na gama-gari, wanda ake kira SDRAM. Akwai wani ram mai tsadar tsiya, kada ki yarda a haɗa ki da shi, aikin buga takardu bai buƙace shi ba. Ki zaɓi wanda hoto da sauti suke a jikinsa, don kada ki sake sayen wasu katuna daban. Ki duba yana cikin ledarsa, da ɗan littafinsa da faifansa. Akwatin wuta ma sai na Pentium 4, yana da wata ƙarin waya mai baki huɗu. In mai shago ya ce kowanne ma zai yi, ki yi masa sallama ki shiga na gaba.

Kada ki je ke kaɗai, kuma kada ki saya a shagon farko. Ki zaga, ki tambaya, ki nuna kamar ba ki damu ba. Wannan ba sai na koya wa 'yar mai goro ba.

Abdulrauf kuma ki bar shi, shi ma neman na kansa yake yi. Ke dai ki yi sauri. Ina ɗokin ranar da zan sami wasiƙarki bugaggiya.

Kawunki,
Mahbub


Wudil
5 ga Afrilu, 2002

Ummu Salma,

Gaisuwa a taƙaice, muna lafiya. Almu ya riga ya tashi, don haka ta gidan waya zan aiko wannan, Allah ya sa ta riske ki da wuri.

Ina cikin aji ina koyar da awo, na ce wa wani yaro "ƙarami" ba ma'auni ba ne, sai maganar ta dawo mini. Kin ce ba ta cika tafin hannunki ba. To ai duka biyun ba su cika tafin hannu ba. Ban tambaye ki awonta ba, na yanke hukunci.

Ki ɗauki rula. In faɗinta ya wuce inci biyu, tsohuwar ce mai 423. In bai kai inci ɗaya da rabi ba, sabuwar ce. Abin da ya fi, ki tafi da ita Otigba a gwada a gabanki. Kada ki sayi kome sai kin yi wannan.

Mahbub


Agege
14 ga Afrilu, 2002

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, tarin Baba ya tafi, Umma na amsawa. Ni ce dai ba ni da lafiyar zuciya.

Na yi duk yadda ka ce. Na tafi da ƙawata Batulu, muka sha goslo a motar danfo, muka zaga Otigba har ƙafafunmu suka yi ciwo. Firosesar ban tafi da ita ba, don Baba ya ce ba za a yi yawo da ita cikin 'yan yankan aljihu ba. Na sami modabod mai 478 sabo fil, da ram, da akwatin wuta mai wayar da ka faɗa, a shagon wani Oga Ndubuisi. Na dawo gida kamar na ciyo kofi.

Na shimfiɗa zane a kan tebur, na wanke hannu, na ɗaga ɗan hannun soket ɗin, na kawo firosesa zan ɗora. Kawu, ta fi gurbin girma. Ba ɗan kaɗan ba, ta rufe shi ruf har ta yi saura. Na juya ta ta kowane gefe. Yaya Abdulrauf yana tsaye a bakin ƙofa yana cin gyaɗa, ya ce in kawo guduma ya taimaka mini.

Washegari na roƙi Umma ta ɗauko mini ita daga akwatin Baba, na koma. Oga Ndubuisi yana ganinta ya ce wannan ai tsohon yayi ce, 423, an daina kawo modabod ɗinta, ko an samu ma da ram mai tsadar nan yake tafiya. Kaya kuma in sun fita shagonsa ba sa dawowa. Amma ya ce zai yi mini alfarma: in bar masa tawa, ya ba ni wata Pentium 4 mai 478 da ba ta kai ta gudu ba, a haɗa mini kome a ranar. Ya ce yana da mai nema.

Na ce zan yi shawara. Yaya ya ji labari, abin mamaki sai ga shi yana ba ni goyon baya. Ya ce in musanya kawai, fanka za ta rufe ta, Baba ba zai taɓa sani ba, shi kuma ba zai faɗa ba. Ya ce shi ba ya son ya sami shago ta hanyar kukana. Ban san ko tausayi ne ko so yake in faɗa rami ba.

Ka san tsarabar Makka ba a sayar da ita, ba a musanya ta. Hular da kakanmu ya kawo tana nan a akwatin Umma, asu ya cinye rabinta, ba mai iya yar da ita. Balle wannan da ta je Madina a ƙirjin Baba.

Kai ka ce in sayi 478. Ban faɗa don rashin kunya ba, amma da ban tambaya ba, da na tafi da ita an gwada, da yanzu ban shiga wannan ba. Tun wasiƙarka ta farko ban sake ji daga gare ka ba. Ka gaya mini abin yi, Maulidi yana matsowa.

Ummu Salma


Wudil
25 ga Afrilu, 2002

'Yata Ummu Salma,

Na amsa gaisuwarki, har da ɗan yajin da kika barbaɗa a ƙarshe, kuma na cancance shi. Muna lafiya. Najiba ta karanta wasiƙarki ta ce Allah ya ƙara, malamin da ba ya tambaya.

Na aiko miki wata ta gidan waya ina cewa ki dakata ki auna. Ga alama tana can tana hutawa a wani buhu. Kuskuren nawa ne, ba naki ba, ba na Alhaji ba. Firosesarki lafiyarta ƙalau, za ta yi miki aiki shekaru. Gurbinta ne kawai aka daina yayi.

Hanya biyu ce a gabanki, zan faɗa miki su yadda suke.

Ta farko, musanya. In don aiki ne kaɗai, ita ta fi. Kin riga kin mallaki modabod mai kyau, kuma 478 shi ne mai gaba, ko nan da shekara biyu kika so ƙarin gudu za ki samu. Bambancin gudun da Oga ya faɗa ba za ki ji shi a buga takarda ba. A addini ma ban san abin da ya hana ba, kyauta in an ba ka ta zama taka. Amma ba a ɓoye ba. Abdulrauf ya ce fanka za ta rufe. Za ta rufe wa Alhaji, ke fa? Kullum ya shigo da baƙo ya nuna akwatin nan ya ce daga Makka, ke ce za ki sunkuyar da kai.

Ta biyu, a nemo mata modabod ɗinta. Ba gaskiya ba ne cewa duk mai 423 sai da ram mai tsada. An yi wasu 'yan kaɗan masu cin irin wanda kika saya. Samunsu ne aiki. In wani ya ce yana da ɗan abin da ake ɗorawa a haɗa biyun, kada ki karɓa. Shi abin nan, sabuwar firosesa yake ɗorawa a tsohon modabod, ke kuma akasin haka ne matsalarki.

Ko wacce za ki bi, sai kin fara zama da mahaifinki. Na san abin da kike tsoro, kada ya ji cewa an sayar masa da kwantai a ƙasa mai tsarki bayan ya gama gaya wa duniya. Ki zaɓi lokacin da ba kowa, ki kai masa su biyun ya gani da idonsa. Ɗan kasuwa ne, ya san kaya.

Ni ma zan shiga Kano ranar Asabar in duba shagunan kwamfuta na titin Beirut. Kada ki daina cin abinci, na san halinki.

Kawunki,
Mahbub


Agege
5 ga Mayu, 2002

Kawu,

Gaisuwa da ban haƙuri a kan bakina. Kowa lafiya. Wasiƙarka ta gidan waya ta iso shekaranjiya, an jiƙa ta an bushe. Na auna don dai in cika umarni: inci biyu da ɗan ɗoriya.

Na yi magana da Baba. Na same shi bayan la'asar yana tsince goron da ƙwaro ya taɓa, na ajiye modabod da firosesa a gabansa, na nuna masa yadda ta fi gurbin. Na gaya masa kome, har tayin Oga Ndubuisi. Ban ce kwantai ba, amma ya gane. Ya yi ta juya goro ɗaya a hannu. Ya tambaya ko ta lalace ne, na ce a'a. Ya tambaya wanne ya riga shigowa gidan nan, na ce ita.

Sai ya ce, "Baƙuwar da ta zo daga Makka ba a mayar da ita don tabarma ta yi mata kaɗan. Tabarmar ake sakewa."

Na ce to Baba, neman zai ɗau lokaci, ko za a ɗaga mini wa'adi. Ya ce yadda ya yi mini alkawari haka ya yi wa Abdulrauf, kuma bakinsa ɗaya ne. Daga nan ya ci gaba da tsintar goronsa. Tun ranar bai sake ba kowa labarin Madina ba, wannan ya fi kome damuna.

Oga Ndubuisi da na koma ya ce ni da babana mun fi ƙarfinsa. Da ƙyar ya karɓi modabod ɗin ya ba ni monita tokumbo, wato ta hannu, a madadinsa. Ram da akwatin wuta suna nan.

Na bi Otigba layi-layi. Na je kasuwar Alaba, tafiyar da ta cinye mini yini guda. Duk wanda na ce wa 423 sai ya ce in zauna, ya aika a dubo, a dawo mini da 478, ko a ce in dawo jibi kwantena na hanya. Na sami guda biyu. Ɗaya na ram mai tsada ne, ɗayan kuma da aka juya bayansa akwai tabon ƙuna.

Yaya ya fara auna shagon da igiya, ya ce wai don ya taya ni sanin inda tebur zai zauna. Ya sayo fenti ruwan ɗorawa ya ajiye a bayan ƙofa.

Me ka gani a Kano? Ko babu ma ka faɗa mini, jiran ne yake cina.

Ummu Salma


Wudil
14 ga Mayu, 2002

Ummu Salma,

Albishirinki. Muna lafiya, gaisuwa ga kowa, sauran gaisuwar sai wani jiƙon.

Zuwana na farko ban samu ba. Na biyu wani tsohon ɗalibina, Shafi'i, mai gyara a titin Beirut, ya tuna da wani ofis da suka yi odar modabod bara, ɗaya ya yi saura. Muka je muka tono shi a ƙarƙashin kwalaye. Soket 423, yana cin ram irin naki, ga fankarsa da ƙafafun da take zama a kai. Wannan karon ban yarda da idona ba, na karanta lambar a jikin soket ɗin, na sa Shafi'i ya karanta, na sa maƙwabcinsa ma ya karanta.

Na bar shi wurin Shafi'i zai ari firosesa irin taki ya gwada shi sosai. Wannan takarda Malam Isma'ila, abokin aikina, zai taho miki da ita, yana da biki a Ebute Metta. Kayan kuma Almu zai taso da su ranar Juma'a bayan an tashi kasuwar shanu. Zan naɗe su da kaina, in ce masa ya ajiye a gaban mota, kada ya ba kowa sai ke, hannu da hannu.

In ya iso: ki taɓa ƙarfen taga kafin ki taɓa shi. A kusurwa ɗaya ta firosesa akwai alama, a soket ma akwai, ki daidaita su. Za ta faɗa da kanta. In ba ta faɗa ba, kada ki danna. Ki shafa ɗan farin man da ke cikin ledar, kamar ƙwayar shinkafa, sannan fanka. Kada ki kunna ba fanka ko na ƙiftawar ido. In kin kunna kika ji ƙara ɗaya, ɗif, to ki yi hamdala.

Za ki sami kwanaki kafin Maulidi. Kin yi abin da ya dace, kuma ina alfahari da ke.

Kawunki,
Mahbub


Agege
22 ga Mayu, 2002

Kawu,

Muna lafiya. Ina rubutu a tsaye, wani mai komawa Wudil yana jirana.

Almu bai iso ba. Kullum sai na hau okada na je mayankar Oko-Oba. Jiya na ga shanun da ya ɗauko, a wata mota daban. Direban ya ce motar Almu ta lalace a kusa da Mokwa, an sauke shanun an loda masa don kada su mutu, Almu yana can yana jiran a kawo masa kayan gyara daga Ilori. Na ce saƙona fa? Ya ce ya gan shi da idonsa, kwali ne naɗe da bargo, ya ce wa Almu ya kawo ya taho da shi, Almu ya ƙi. Wai Malam ya ce hannu da hannu, shi kuma ba a taɓa ba shi amana ta bi ta hannun wani ba. Direban ya ce har rantsuwa ya yi masa, Almu ya ce ya je da shanu, shanu ba a ce masa hannu da hannu ba.

Na ce zan tafi Mokwa da kaina. Baba ya ce ba inda za ni. Na roƙi Yaya, ya ce in ya je ya dawo ba kaya za a ce shi ya ɓatar, in ya dawo da su kuma ya yi wa kansa. Ban ga laifinsa ba.

Na haɗa duk abin da zai haɗu. Akwatin kwamfutar yana buɗe a shago, monita na gefe, na share, na goge, na sake gogewa. 'Yan Islamiyya sun fara gwajin waƙoƙin Maulidi a bayan gidanmu, kowane baiti kamar da ni suke.

Ummu Salma


Agege
9 ga Yuni, 2002

Zuwa ga Kawu Mahbub,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da Anti da yara kuna lafiya, kuma damina ta sauka muku da albarka. Nan ruwa kullum, layinmu ya zama kogi. Ƙafar Umma ta yi sauƙi har ta je kasuwar Oyingbo da kanta. Na san kana can hankalinka a tashe, ka yafe mini jinkiri, sai yanzu na iya zama.

Maulidi ya zo ya wuce ba Almu. Washegari da safe Baba ya kira mu, ya karɓi makullin shago a hannuna ya miƙa wa Yaya. Ya tashi ya koma ɗakinsa. Na kwashe kayana na kai ɗakin Umma. Yaya ya taya ni ɗaukar monita, bai yi tsokana ba, bai kuma kalli idona ba. Kafin sati ya shafa fentinsa, ya kafa benci, mutane sun fara layi.

Almu ya iso ana tsakiyar ruwa, ya rame kamar shi ya jawo motar daga Mokwa. Bai sauke kaya ba, bai ci abinci ba, ya zo ƙofar gida da kwalin a cikin rigarsa. Umma ta miƙa hannu, ya ce ta yi haƙuri a kira Ummu Salma. Na yi niyyar in faɗa masa magana, da na gan shi sai na kasa. Na ce sannu, ya ce Malam ya ce hannu da hannu.

A kan gadon Umma na haɗa. Na taɓa ƙarfen taga, na daidaita alama da alama, ta faɗa da kanta kamar yadda ka ce. NEPA suka sa na jira har yamma. Da wuta ta zo na danna, fanka ta juya, na ji ɗif ɗin nan guda ɗaya, rubutu ya hau monita. Umma ta yi guɗa. Ni kuwa na zauna a ƙasa ina kallo, ga kwamfuta, ba wurin ajiye ta.

Baba ya leƙo ya tambaya ko ita ce a ciki. Na ce ita ce. Ya sa na nuna masa daidai inda take a ƙarƙashin fanka, ya duba, ya fita.

Ka san ɗakinsa na bakin ƙofa, inda yake zama da abokansa tun kafin a haife ni, inda ake cinikin goro a sha shayi a yi gardamar siyasa. Da safe na ji ana jan kaya. Na fito na tarar ya naɗe darduma da kansa, ya sa an fitar da kujerun, yana nuna inda za a ja waya. Umma ta ce Alhaji, ku kuma ina za ku zauna? Ya ce shago ya yi alkawarinsa ya cika, wannan kuwa ɗakinsa ne, bai yi wa kowa alkawarinsa ba.

Yau kwana na uku ina aiki a ciki. Firinta ba ta samu ba tukuna, in na buga sai in kai faifai Ikeja a fitar, shi ya sa wannan ma da hannu ka gan ta. Ka rubuto mini wace iri zan nema, kuma wannan karon ka yi mini tambayoyi son ranka kafin ka ba ni amsa.

Baba da mutanensa sun koma kan benci a ƙarƙashin rumfar kwano. Jiya ruwa ya taso da iska, ina jin Alhaji Harouna, ɗan Nijar ɗin nan abokin cinikinsa, yana mita, wai shekara talatin yana zama a ɗaki, yau sa'ar 'yar cikinsa ta kore shi waje. Na tashi na buɗe ƙofa na ce su shigo su fake. Baba ya ɗaga mini hannu, rigarsa duk ta jiƙe ta gefe ɗaya, ya ce in rufe, feshi zai shiga ya taɓa kayan aiki.

Na rufe.

'Yarka,
Ummu Salma